Takardar Tsaunin Garinmu

Da zan biyo maigida birnin Guangzhou na ƙasar China, Inna ta saka mini dutsen taimama a ƙasan jakata. Ta ce ta ji labarin ƙasar tana da sanyi, ni kuma ga ciwon haƙarƙari, kada ranar da ruwa ya gagare ni in rasa abin da zan yi taimama da shi. Daga tsaunin da ke bayan garinmu aka ɗauko shi. Girmansa bai wuce tafin hannu ba, launinsa tsakanin ja da shuɗi, yana ɗan ƙyalli idan rana ta same shi. A can gida irinsa ake kora awaki da shi.

Babana shi ne dagacin garin, ya gaji mahaifinsa. Ni ce 'yarsa ta fari, don haka bai taɓa kiran sunana ba, ni ma ban taɓa zama na yi doguwar magana da shi ba. Duk abin da nake so, ta bakin Inna yake bi. Amma shi ne ya tsaya tsayin daka sai da na gama sakandare, lokacin da 'yan'uwansa ke cewa firamare ta isa.

A shekararmu ta huɗu a nan, lokacin baje kolin da ake yi a Pazhou, maigida ya zo da baƙo cin abinci. Ɗan China ne mai harkar injinan niƙa dutse, maigida yana ce masa lawban, wato mai gidan aiki. Na yi musu shinkafa da miyar taushe, na ajiye, zan koma ciki sai na ga baƙon ya tashi ya nufi taga. Dutsen nan yana kan darduma a naɗe. Ya ɗauka, ya juya shi, ya kankare da farce, ya ɗaga shi wajen haske.

Maigida ya yi dariya ya ce, “Hajiya, kin ga wai dutsenki yake so. Ko za ki sayar?”

Na ce, “Alhaji, ka ce masa ya ajiye, na ibada ne.”

Baƙon ya ajiye da hannu biyu, har da sunkuyar da kai. Sai ya tambaya ko akwai irinsa da yawa a inda aka samo shi. A nan ne na yi abin da har yau nake neman gafararsa. Daɗi ne ya kama ni. Shekara huɗu ina cikin garin da komai nasu ne, jirgin ƙasa a ƙarƙashin ƙasa, benaye har wuya ya gaji da kallo, yau ga wani ya ga abin garinmu ya ƙyasa. Na ce wa maigida ya gaya masa tsauni ne guda, tun daga bayan gonar Baba har rafi. Da ya miƙo wayarsa da taswira a kai, ni da yatsana na nuna masa wurin.

Bayan wata biyu aka ce sun aika an ɗebo dutsen tsaunin an gwada, irin wanda ake yin batir da shi ne. Za su nemi lasisi daga gwamnati, amma sai da takardar amincewar mai gari. Maigida ya hau jirgi ya tafi gida da takardar, bayan mako biyu ya dawo fuska ba walwala.

Ya ce Baba ya karɓe shi da mutunci, ya sa an yanka masa kaza, sannan ya ba shi labari. Wai yana yaro wasu Turawa masu neman man fetur sun taɓa zuwa wajen kakana da takarda irin wannan. Kakana ya ba su masauki, ya ba su fura, ya haɗa su da mai nuna hanya, amma ya ƙi dangwala yatsa. Ya ce ƙasar ba tasa ba ce, riƙo aka ba shi. Suka kafa wani bututun ƙarfe a dawa suka tafi, har yanzu yana nan, makiyaya suna ɗaure jaki a jikinsa. Da Baba ya gama labarin sai ya shiga tambayar lafiyar jikoki.

“Kin san ba zan iya ja da surukina ba,” in ji maigida. “Amma ke idan kika yi magana zai ji. Ga takardar nan, ba ke ce 'yar boko ba? Karanta da kanki.”

Ban zarge shi ba, har yanzu ban zarge shi ba. Shi ma alheri ya hango. Na zauna da takardar bayan na kai yara makaranta, na karanta ta da Turancina na sakandare. A cikin alkawuran na ga rijiyar burtsatse, na ga ajujuwa, na ga ɗakin shan magani, na tuno matan garinmu da ake ɗauka a bayan babur ranar naƙuda. A shafi na uku akwai wasu lambobi a jere, maigida ya ce iyakar wurin ce. Ban gane su ba. Kuma ban tambaya ba, don kada a ce karatun nawa bai kai ba.

Ranar wata Juma'a na kira Inna, lokacin can gida hantsi ne. Na ce ta kai wa Baba wayar. Ta ce, “Ke da kanki? Lafiya dai?” Na ji takunta, na ji ta yi sallama a zaure. Muka gaisa da Baba, na faɗi abin da ke tafe da ni.

Ya ce, “Kin karanta da idonki?”

Na ce, “Na karanta, Baba.”

“Babu abin da zai cuci mutane a ciki?”

Na ce, “Ban ga komai ba, Baba.”

Ya ce, “To, shi ke nan. Ga uwarki.”

Ba ƙarya na yi ba, ban gani ɗin ba. Amma ba abin da ya tambaye ni ke nan ba, kuma na sani tun a lokacin. A tsawon rayuwata wannan ne abu na farko da na roƙe shi baki da baki, kuma na san ba zai iya ce mini a'a ba. Da wannan sanin na kira shi.

Baba ya dangwala yatsa a takardar. Ranar da aka loda injinan haƙa a tashar jiragen ruwa ta Nansha, maigida ya turo mini hoto. Na soya waina na raba wa matan 'yan Kano da 'yan Maraɗi da ke benenmu, na ce su taya mu addu'a. Suka yi ta sa albarka.

Damina ɗaya aka yi kafin abin ya fito. Lambobin nan ashe ba su tsaya a tsauni ba. Sun haɗiye burtalin da shanu ke bi zuwa rafi, sun haɗiye tsohuwar maƙabarta da gonaki da yawa da ba na Baba ba. Dagacin garin da ke gabas da mu ya ce rabin tsaunin nasa ne tun kaka da kakanni. Hakimi ya ce an tsallake shi, ba a taɓa ba da ƙasa a yankinsa bai sani ba. Masu haƙar kuwa suka ce abin da ke ƙarƙashin ƙasa na gwamnati ne, ga lasisinsu. Maigida ya yi ta kiran lawban a kan a ja iyakar baya, amsa ɗaya yake samu, “Meyo, meyo,” wato babu. Daga baya ma ya daina ɗauka.

Inna ta ce ranar da injin ya doshi maƙabarta, Baba ya fita da sandarsa ya tsaya a gabansa, mutanen gari a bayansa. Wani ma'aikaci ya buɗe jaka ya fito da takardar, ya ɗaga ta sama kowa ya gani, ya nuna dangwalen yatsan Baba a ƙasa. Ta ce ba wanda ya zage shi. Ɗaya bayan ɗaya suka juya suka tafi gida.

Aka kira shi gaban hakimi. Inna ba ta so ta gaya mini abin da ya faru a can ba, sai da na haɗa ta da Allah. Ta ce an tambaye shi wa ya karanta masa takardar, tunda kowa ya san bai yi boko ba. An ce idan ruɗarsa aka yi ya faɗi wanda ya ruɗe shi, a duba lamarinsa. Sau uku aka tambaye shi. Ya ce ba wanda ya karanta masa, shi ya ga dama ya sa hannu. A makon nan aka karɓe sarautar aka ba ɗan ƙanen mahaifinsa.

Na kwana uku ban iya dafa abin kirki ba. A rana ta huɗu na kira, na ce wa Inna zan aika saƙon murya a kai wa hakimi, in faɗi cewa ni ce. Ashe Baba yana kusa. Na ji ya ce, “Miƙo nan.”

Na ce, “Baba, ka yafe mini.”

Ya ce, “Yatsan wa ke jikin takardar?”

Bai jira amsata ba.

Ya ce, “Nawa ne. Ke kina da yara, kina da gidan miji, kuma wata rana garin nan za ki dawo. Ban yarda ki gaya wa kowa ba, ko ina raye ko ba na raye. Kin ji ko?”

Na ce, “Na ji, Baba.”

Sai ya tambaye ni ko ana ruwa a nan. Na ce ana yi, tun safe bai tsaya ba. Ya ce su ma sun samu jiya, gero ya yi kyau a wuraren da suka rage.

Da na je gida bara, matan unguwa suka zo yi mini sannu da zuwa, suka cika tsakar gida. Wata tsohuwa ta riƙe hannuna ta ce, “Allah sarki, 'yar nan, kina can nesa tsohonki ya sayar da mu.” Baba yana zaure, labule ne kawai tsakaninmu. Na ji ya yi gyaran murya. Na sunkuyar da kai na ce, “Sai haƙuri, Gwaggo,” na tura mata kwanon goro.