Maiƙo a Idon Mota

Na sayi motoci bayan waccan, na sayar, amma ko tsufa zai kwashe mini komai daga kai, ba na jin zai iya ɗauke safiyar da motata ta farko ta tona asirin Umma.

Lokacin ban daɗe da samun lasin ba, kuma na samu aiki a wani wurin shaƙatawa a Abhur, tafiya mai nisa daga gidanmu na unguwar Bani Malik a Jidda. Mutum mai hankali ƙaramar mota zai nema. Ni kuwa da na shiga kasuwar tsofaffin motoci, sai idona ya faɗa kan wata baƙar motar alfarma, doguwa, mai kujerun fata, wadda ta yi zamaninta tun ina makaranta. Abin da ya ƙarasa ni shi ne kamarar baya. Da ka sa ribas sai allon gaba ya yi ɗan tunani kamar wanda aka tasa daga barci, sannan ya nuna maka bayanka da layuka kore da ja. Hoton ya ɗan yi rawaya don tsufa, amma ana gani. Lungunmu kuwa matsattse ne, ba a fita sai da baya-baya, ni kuma a ribas ba ni da gwaninta ko ta sisi.

Umma ba ta so ba ko kaɗan. Ranar da na shigo da motar ta tsaya a ƙofa, ta dube ta daga kai har wutsiya, ta ce, "Wannan jirgin ruwan ke za ki ja? Halas, shi ke nan, na ji. Amma wallahi ranar da kika goge ta da wani abu, makulli ya koma hannun yayanki." Yaya yana gefe yana murmushi, don tun a ranar ya fara auna kujerar direba da ido. Shi kuwa in makulli ya shiga hannunsa, aikin Abhur ya tashi, saboda bai taɓa zuwa ko'ina a kan lokaci ba.

Ba a jima ba kamarar ta fara yi mini wulaƙanci. Da yamma in zan baro wurin aiki tana nuna komai, don nakan goge ta da tishu. Da safe kuwa sai allon ya zama kamar ana kallon duniya ta cikin kunu. Na ɗora laifin a kan damshin Jidda. Wata safiya ina sauri ban tsaya gogewa ba, na ja baya da ƙarfin hali, sai ji na yi ƙwas! Na taɓa durom ɗin shara na bakin lungu. Ƙarcen bai kai tsawon yatsa ba, amma Yaya ya gano shi kafin in dawo da motar daidai. Da daddare ya miƙo mini tafin hannu a gaban Umma. Na yi rantsuwa laifin kamara ne, na yi ta magiya. Umma ta ce ta ba ni zuwa Juma'a, in ba a gyara ba magana ta ƙare.

Na kai ta wurin wani mai gyaran wutar mota, Bahaushen Sudan, dattijo mai raha. Ya duba waya, ya duba allo, sannan ya dangwali kamarar da yatsa ya shinshina.

"Ya binti, 'yata, kamararki lafiyarta ƙalau. Tsohuwa ce dai, amma ba makauniya ba. Mai ake shafa mata."

"Mai kuma? Na inji?"

"La, la, ba na inji ba ne. Wannan ƙamshin na ɗakin tsofaffi ne. Gobe ki riga kowa fitowa ki gani."

Ni duk zargina a kan Yaya yake. Na kwana ina shirya maganganun da zan gaya masa. Gari na wayewa na goge kamarar tas, na shige motar na rufe, gilasanta masu duhu ne ba a ganin na ciki. Na murɗa makulli ba tare da na tada inji ba, na ja birkin hannu, na taka na ƙafa, na sa ribas, na zuba wa allo ido.

Can sai ga silifas, sai ga gefen abaya. Sai fuska ta sunkuyo ta cika allon gaba ɗaya, hanci ya yi girma, kunnuwa sun gudu baya, yadda waɗannan kamarori ke mayar da mutum. Umma ce. Leɓɓanta na motsi, tana karanta addu'a tana tofawa. Ta buɗe 'yar kwalbar man habbatus-sauda, ta dangwala, na ga yatsan yana tahowa yana ƙara girma har ya rufe komai. Allon ya koma kunu.

Dariya ce ta fara zuwa, amma kafin ta fito hawaye sun riga ta. Matar da kullum take cewa in ajiye tuƙi, ashe ita ce ke fitowa kowace safiya tana zagaye motar da addu'a. Na buɗe ƙofa na ce, "Umma."

Ta zabura har kwalbar ta kusa faɗuwa. "Bismillah! Me kike yi a ciki kamar ɓarauniya?"

Na jawo ta na zaunar da ita a kujerar gaba, na je na goge kamarar, na tsaya a bayan motar ina ɗaga mata hannu. Da na dawo na same ta riƙe da haɓa.

"Yani duk abin da nake yi wannan abar tana kallona?"

"Da ita nake ganin baya, Umma. In aka shafa mata mai ba na ganin komai."

Ta saki haɓa ta ce, "Ni na ɗauka maɓallin but ne. Na ce nan hannun mutane ke taɓawa, bari in shafa masa don tsari." Sannan ta ƙara da cewa a hankali, "Ashe durom ɗin nan ni na buge shi." Sai kuma ta haɗe rai, ta harari allon. "Munafukar mota. Yalla, mu je, tunda kin gan ni, sauke ni kasuwar Bab Makka kafin ki wuce. Kuma kada ki gaya wa yayanki."

Ranar ce ta fara shiga motata. Juma'a ta zo ta wuce, ba wanda ya sake tada maganar makulli, Yaya ya gaji da miƙo hannu ya haƙura. Man kuma bai daina aiki ba, wuri kawai ya sauya: kullum kafin in fita sai ta dangwala mini a goshi, in isa Abhur ina ƙamshin ɗakin tsofaffi.

Abin da na koya shi ne kada in yanke wa mutum hukunci da abin da yake faɗa a gabana kawai. Na yi makonni ina jin Umma ba ta tare da ni, alhali kullum tana tsaye a bayana, daidai inda ba na iya gani sai da tsohuwar kamara.