Kofin da Christiana Ke Bari

Christiana sharar titi take yi. In ka taɓa bi ta Wuse da sassafe ka ga mata sanye da riga mai ƙyalli, sun ɗaure hanci da ƙyalle suna share gefen kwalta, motoci na wuce su fuu, to wataƙila ka gan ta ba ka sani ba. Ni na san ta ne don bango ɗaya ya raba ɗakina da nata a Karmo, bangon ma irin wanda in ta yi tari sai in ce mata sannu. Sunana Safara'u, amma Maman Habibu ake ce mini. Awara nake soyawa a ƙofar gida.

Daga wani ƙauye kusa da Kafanchan ta zo Abuja tana 'yar shekara sha tara. Ta yi aikatau a gidaje biyu, ta yi tallan ruwan leda a cunkoson motoci, sannan ta auri Kure, wanda ke gadin dare a wani gida a Maitama. Shekara shida suna tare, ɓari biyu ta yi, ba ta taɓa riƙe ɗa a hannu ba. A ta bakwai Allah ya ba ta Monica.

Monica na wata uku uwar ta koma aiki. Motar da ke kwasar masu shara biyar saura take tsayawa a bakin titi, kuma ba ta jiran kowa. In an tashi shara, Christiana ta wuce wani gida ta yi wanki da guga, ba ta shigowa sai dab da magariba. Ni da bakina na ce ta riƙa bar mini yarinyar. Nawa sun girma, bayana ya daɗe ba goyo.

Kullum kafin ta fita sai ta ƙwanƙwasa, ta miƙo mini Monica, ta miƙo wani shuɗin kofi mai murfi da ta tsoma a kwanon ruwan sanyi. Nononta ne ta tatsa, haka aka koya musu a asibiti.

"Mama, ga na Monica. In ya tashi ki ba shi da cokali."

Haka take Hausarta, mace da namiji duk ɗaya ne a bakinta. Sai in ce to, Allah ya tsare. Tana shan kwana in zaga bayan gida in tuttular da shi a kwata.

Ba mugunta ba ce, ko kuma a lokacin ban ɗauke ta mugunta ba. Inda na tashi, nonon da ya bar jikin uwa ya zauna a kwano ba a ba yaro, cewa ake ya lalace, gudawa yake sawa. Haihuwata shida, ban taɓa ganin an yi haka ba, kuma ban ga abin da wata 'yar yarinya mai farar riga za ta koya mini a kan reno ba. Ban gaya wa Christiana ba don kada ta ce na ƙyamaci abin jikinta. Ruwa nake ba Monica, da ta ƙara wayo na haɗa da ɗan koko, sai in goya ta in lulluɓe. Tana motsi in jijjiga, ta koma. Masu sayen awara har yaba mini suke, wai ba su taɓa ganin yarinya mai haƙuri irin wannan ba. Ni kuwa sai washe baki nake.

Da dare ne ake biyan haƙurin. Sha ɗaya Monica ta tashi, sha biyu da rabi ta tashi, ƙarfe biyu, ƙarfe uku. Ba wani kuka mai yawa take ba, 'yar ƙara ce kawai, sai in ji katifa ta motsa, sai shiru, ta kama nono. Kure yana can bakin get ɗin mutane, ba mai karɓar uwar ko na minti biyar. Wajen uku da rabi kuma akwai wani ɗan sauti da nake ji, tsit, tsit, tsit, na ɗauka bokitinsu ne ke ɗiga. Har na taɓa cewa ta sa a liƙe shi.

Christiana ba ta taɓa yin ƙorafi ba, sai dai ta riƙa zama wata iri. Ta zuba gishiri sau biyu a miya. Ta fita da silifas ƙafa daban-daban. Ta tsaya a gaban mai ruwa, jarka na tumbatsa tana kallo. In na ce yaya kwanan yarinya, sai ta ce, "Mun gode Allah," idonta a kaina amma ba ni take gani ba. Dariya ta bar ta, fushi ma ya bar ta. Ranar da wata maƙwabciya ta zage ta a kan igiyar shanya, ni na tare mata faɗan, ita tana tsaye riƙe da zani.

Monica na wata tara abin ya faru. Christiana ta dogara da tsintsiyarta mai dogon hannu a gefen titi, barci ya ɗauke ta a tsaye, ta karkata cikin kwalta. Madubin wata mota ya daki gwiwar hannunta, taya ta bi ta kan tsintsiyar. Ogansu ya ce in ta sake, kada ta dawo. Kure ya dawo ya ga hannun a ɗaure. Ya ce ba zai jira a kawo masa gawa ba, ranar Asabar za a kai Monica Abaji wurin mahaifiyarsa a yaye ta, ta zauna can.

Ni na fi kowa ɗaga murya. Na ce wata tara, ina aka taɓa yi? Kure ya ce, "Mama, to ki faɗa mini yadda zan yi." Christiana tana zaune a bakin ƙofa, yarinyar da ta jira shekara bakwai tana kan cinyarta.

Ranar Alhamis aka yi wa Monica rigakafin wata tara. Ni na goya ta saboda hannun uwar. Nas ɗin ta ɗora ta a sikeli, ta ɗan ɓata fuska, ta tambayi yadda take ci da yadda take barci. Da ta ji, sai ta ce wasu yaran in uwa na wuni a waje sukan juya lokaci, su yi ta barci da rana ba su ci kirki ba, da dare su rama a jikin uwar.

"Wanda kike tatsa kina bari, tana sha?"

"Yana shanyewa tas," in ji Christiana. "Kullum kofin a wanke nake samu."

Ta juyo ta dube ni. Na ce, "Eh." Wallahi haka na ce. Na ji kunya irin wadda ban taɓa ji ba, amma ban gyara maganar ba.

Washegari Juma'a na zauna da kofin da cokali. Monica ta buɗe baki tun kafin in kai, ta shanye har tana kama cokalin da hannu biyu. Na hana ta dogon barci, na zaunar da ita a tabarma tana wasa da murfin tukunya. Ba gudawa, ba komai. Daren nan ma ta tashi sau biyar, yini ɗaya ba ya gyara wata shida. Asabar da safe suka hau motar Abaji su uku, Lahadi da yamma suka dawo su biyu.

Ɗakin ya yi tsit. Na ce to ko ba komai yanzu za ta yi barci. Amma sha ɗaya sai in ji katifa ta motsa, sha biyu da rabi ta motsa, ƙarfe biyu haka. Uku da rabi kuma sai ga sautin nan, tsit, tsit, tsit. A daren farko na gane ba bokiti ba ne. Ashe duk watannin nan, 'yar tazarar da Monica ke ba ta kafin fita, wadda za ta runtsa a ciki, zama take tana tatsa a kofi.

Rana ta huɗu, biyar saura, aka ƙwanƙwasa. Na buɗe na gan ta cikin rigar aiki, gaban rigar a jiƙe, kofin a hannunta cikin kwanon ruwa.

"Mama, ban san inda zan kai shi ba."

Na karɓa. Na ce ta tsaya, akwai magana. Na gaya mata komai a tsaye a nan bakin ƙofa, da kwatar, da kokon, da jijjigar. Na so ta zage ni, ko ta watsa mini ruwan kwanon a fuska. Kallona kawai take.

"Duka?" ta ce.

"Duka. Sai na ranar Juma'a."

"Ya sha?"

"Ta shanye tas."

Na ce mu je Abaji ranar Asabar, ni zan yi wa Kure bayani, ni zan durƙusa wa tsohuwar, mu ɗauko ta. Ta girgiza kai.

"Jiya na kira. Kakan ya ce ya daina kuka, yana barci har safe. A bar shi."

Motarsu ta yi hon daga bakin titi. Ta gyara ƙyallen hancinta da hannun mai lafiya, ta ɗan taka, sai ta tsaya ba ta waiwayo ba.

"To, ya sha kofi ɗaya," ta ce, ta tafi.

Na daɗe tsaye da kofin a hannuna har aka kira sallah. Ban iya kai shi bayan gida ba. Na shiga da shi ɗaki, na sake masa ruwan sanyi.