Ciwon da Ke Ɓuya Idan Na Isa Asibiti

Salamu alaikum 'yan uwa. Tun kafin damina ban ce komai a nan ba. Masu tambaya ko lafiya, yau ga amsa.

Kun san sana'ata, jirgin ruwa nake tuƙawa daga Lolo zuwa tsallaken Benin. Wata ranar kasuwa muna tsakiyar kogi, jirgi cike da mata da buhunan shinkafa, zuciyata ta kama bugawa kamar za ta fasa ƙirji. Idona ya yi duhu. Da na farfaɗo, wani fasinja ne riƙe da injin, matan suna ta salati.

Daga ranar ba wanda ya ƙara shiga jirgina, kuma ban ga laifinsu ba.

Daga asibitin Bagudo aka tura ni Birnin Kebbi. Aka manna min wayoyi a ƙirji, likita ya duba sakamako, ya ce lafiya lau. Na dawo gida, abin ya kayar da ni a ƙofar masallaci. Na koma, aka sake cewa lafiya lau.

Inna ta ce iskokin ruwa ne, ta sayar da tunkiyarta aka yi ta hayaƙi. Matata Hauwa ta daina ba ni jaririnmu in ɗauka. Wannan ya fi komai yi min ciwo.

A zuwa na gaba na yi kuka a gaban wata likita. Na ce, "Ranki ya daɗe, sai na mutu za ku yarda?"

Ta ce ciwon zuwa yake ya tafi, gajeren gwaji ba ya kama shi. Ta liƙa min wata 'yar na'ura in tafi da ita gida. Za ta riƙa ɗaukar kowane bugu, manhajar kwamfuta ta tace su ta ware waɗanda suka kauce, sannan ita likitar ta duba da idonta.

Kwanaki suka yi ta wucewa, shiru. Ni ne har da roƙon Allah ciwon ya zo kafin a cire na'urar.

Ya zo ina alwala. Ina kwance a ƙasa ina roƙon Hauwa kada ta zuba min ruwa ta jiƙa na'urar.

Da na mayar, likitar ta juyo min da fuskar kwamfuta, ta nuna inda layin ya rikice. Ta ce, "Ga shi nan, Malam Umaru. Kuma yana da magani."

Tun da na fara shan maganin ban ƙara faɗuwa ba. Ƙanena ke tuƙa jirgin har sai likita ta ba ni izini.

Alhamdulillah. Inna, Hauwa, da bawan Allahn da ya riƙe injin nan, ban ma san sunansa ba, Allah Ya saka muku da alheri.

Wanda zuciyarsa ke irin wannan bugu, kada ya tuƙa kowa. Ya je asibiti. In gwaji bai nuna ba, ya koma, ya tambayi na'urar da ake tafiya da ita gida.