Inna Ta Bar Waya, Ta Tafi da Fuskarta

A gidanmu na unguwar Shamaki waya ba ta taɓa zama ta mutum ɗaya ba. Da suna dai ta mahaifiyarmu ce, Inna, amma a aiki ta unguwa ce. Tsohuwar wayarta, 'yar ƙarama mai madannai wadda aka ɗaure bayanta da roba, a kan tagar ɗakinta take yini, kusa da gwangwanin ashana. Duk wanda ya ji ƙararta shi ke ɗauka, sai ya tsaya tsakar gida ya ƙwala kiran mai rabo. An sanar da haihuwa ta wayar nan, an yi gaisuwar mutuwa, an sasanta ma'aurata, kuma rabin waɗannan mutane ba mu haɗa ko kaka da su ba.

Cikin masu amfani da ita babu kamar maƙwabciyarmu, wadda muke kira Iya mai turare. Daga Borno ta zo lokacin da rikici ya tashe su, ta kama ɗaki a gidan da ke jikin katangarmu, tana haɗa turaren wuta da humra tana kai wa Kasuwar Gombe. A hanyar gudu suka rabu da ƙanenta, wanda ita ta goya shi bayan rasuwar uwarsu, kuma tun daga ranar ba ta ji ko yana raye ko ya mutu ba. Ba ta da waya, ta ce wadda ta mallaka ta faɗi a daji kuma ba ta sha'awar wata. Lambar Inna ta haddace. Duk direban da ya nufi gabas, duk matar da ta sayi turare ta ce mata ita 'yar can ce, sai ta karanta musu lambar ta ce idan Allah ya haɗa su da mutum mai kama kaza, su ba shi. Shekaru tana haka. Kullum ta dawo kasuwa sai ta leƙo ta ce, "Hajiya, ba a neme ni ba?" Inna ta ce, "Ba a nema ba tukuna, shigo ki ci tuwo."

Yayana ne ya ɓata mana wannan tsari, da kyakkyawar niyya, kamar yadda ya saba. A Abuja yake aiki, kuma mutum ne da ba ya ganin sabon abu ya kau da kai. Agogonsa ma yana gaya masa ya tashi ya miƙe ƙafa, shi kuwa ya tashi, alhali Inna ta yi shekara talatin tana gaya masa haka bai taɓa motsi ba. Ya zo da Sallah, ya ga wayar da aka ɗaure da roba, ya ce abin kunya ne a gare shi. Washegari ya ɗauki Inna zuwa shagon wani mai waya a kasuwa, ya saya mata faffaɗa mai sulɓi, wadda ba ta da madanni ko ɗaya. Suka mayar da layinta a ciki. Ya ce wannan ba sai ta danna komai ba, da ta kalle ta za ta buɗe, domin ta san fuskarta.

Abin da bai lura ba shi ne, Inna ta tsani a ɗauke ta hoto. Lokacin da mai shagon ya ɗaga wayar saitin fuskarta ya ce ta tsaya cik, ta haɗe rai, ta tamke baki, ta yi masa irin kallon da take yi wa mai nama idan ya cika mata ƙashi. Wannan fuskar wayar ta riƙe a matsayin Inna. In tana cikin fara'a sai wayar ta yi ta jan rai kafin ta buɗe, amma in wani ya ɓata mata, nan take. Mu 'ya'yanta mun ce lallai wayar nan ta san Innarmu fiye da dangin Katsina, waɗanda suke ce mata mai sanyin hali.

Unguwa ba ta fasa zuwa ba, sai dai an sami ƙarin aiki. Kira kowa na iya ɗagawa, amma saƙon murya, wanda a lokacin kowa ya koma kansa, ba ya buɗuwa sai an nemo Inna. Tana tankaɗe, a kawo mata waya gaban hanci. Tana gyangyaɗin azahar, a tashe ta a ce ta buɗe ido kaɗan. Na taɓa samun mata biyu sun durƙusa a gefen sallayarta suna jira ta sallame, ɗaya ta riga ta saita wayar. Inna ta ce ita ta zama makullin ƙofa da tsufanta, saura a ɗaura mata igiya a rataye ta a ƙusa.

Ana nan sai bikin 'yar ƙanen Inna ya taso a Katsina. Inna da biki sai Allah. Ta ɗinka anko, ta yi lalle, ta shirya kayan gudummawa tun da sauran lokaci. Ni na baro gidana a unguwar Manawashi na dawo in riƙe mata gida. Ranar tafiya, kamar yadda ta saba tun zamanin tsohuwar waya, ta ajiye sabuwar a kan taga ta ce, "Ga ta nan, ko za a nemi mutuniyar Borno." Na ce to. Ni da nake koyar da yara a makaranta, ni da nake yi wa kowa gyara, ban ga komai a cikin wannan magana ba. Ta hau mota ta tafi da fuskarta.

Washegari da hantsi ina wanke shinkafa wayar ta yi ƙara. Na goge hannu a zani na ɗaga. Murya ce ta namiji, daga nesa, tana yankewa, Hausarsa irin ta Iya. Ya ambaci sunanta na yanka, wanda mu a unguwa ba ma kiranta da shi. Na ce tana kasuwa, wane ne? Na ji ya ce, "Layi ba kyau, zan tura saƙo," sai kiran ya katse. Jim kaɗan wayar ta yi ɗan ƙara, ta nuna cewa saƙo ya shigo. Iyakar abin da ta yarda ta nuna ke nan. Ba suna, ba lamba, sai hoton ƙaramin kwaɗo a saman gilashi.

Da Iya ta dawo ta leƙo ta ce, "'Yata, ba a neme ni ba?" Na gaya mata abin da ya faru. Ta ajiye kwandon turaren a hankali, ta tambaye ni sunan da mutumin ya kira. Da na faɗa, ta dafa bango. Ta ce duk duniya mutum biyu ne kawai suke kiranta haka, ɗaya kuma ta ga kabarinsa.

Na fara da abin da ya fi sauƙi. Kowa na cewa ni ce na ɗebo Inna, don haka na sa hijabinta, na sa tabaronta, na haɗe rai iya ƙarfina. Wayar ta girgiza ta ƙi. Na tuna duk wanda ya taɓa ɓata mini rai, har da yayana, na sake gwadawa. Ta ƙi. Muka ciro hoton Inna na aikin Hajji daga bango muka nuna mata, ko kallo bai ishe ta ba. Iya tana tsaye tana ba ni umarni, "Ƙara tamke bakin, Hajiya ta fi haka." A wata rana da mun yi dariya har mun faɗi.

Na ɗauki wayar sai shagon mai waya. Ya saurare ni, ya ce ai akwai lambobin sirri da aka sa ranar da aka saya, in an danna su za ta buɗe. Na ce to faɗa mini. Ya ce Hajiya ce ta sani. Na kira matar kawuna a Katsina, aka kai wa Inna waya cikin hayaniyar 'yan biki, na tambaye ta. Ta ce, "Wace lamba? Ya ce in faɗi, na ce ya sa wadda ta yi masa." Na juyo na kalli mai shagon, ya kalli rufin shagonsa. Ya ce yana sa wa mutane da yawa a rana. Ya ce zai iya wanke wayar ta koma sabuwa, amma duk abin da ke ciki zai tafi, har da saƙon. Sannan ya ja mini kunne: mu daina gwada fuskoki, domin in ta gaji za ta daina karɓar fuska gaba ɗaya, kada mu bari ta mutu, kuma kada a daɗe, don in ta kwana uku ba a buɗe ta ba, ko Hajiya ta zo lambobin za ta nema.

Raina ya ɓaci ƙwarai. Na tsaya a bakin shagon ina tunanin mutanen da suka ƙera abin nan a can ƙasarsu. Na tabbata masu ilimi ne. Sun yi tunanin ɓarawo, sun yi tunanin mai leƙen asirin mutane, sun toshe kowace kafa. Maƙwabciya ce kawai ba ta zo musu a rai ba. A wurinsu kowane mutum da wayarsa, kowace waya da fuskarta, kamar buroshin goge baki.

Na sake kiran Katsina na yi wa Inna bayani dalla-dalla. Ina jin kiɗan ƙwarya a bayanta. Ba a ma kai amarya ba, kuma ita ce uwar biki ta ɓangaren uba. Ta ce, "Ki ce mata ta kwantar da hankalinta, gobe ina hanya."

Kafin ta iso, Iya ta zama mai jinyar waya. Aka ɗauke wuta, kamar an san muna bukata. Ta naɗe wayar a gefen mayafinta ta kai wurin mai caji a bakin titi, ta zauna a benci tana gadinta, ita da ba ta taɓa fashin kasuwa ba. Da ta dawo ta ƙi ajiye ta a taga, wai rana za ta taɓa ta. Can ta miƙo mini ta ce in duba mata ko saƙon yana nan. Na ce yana nan, Iya, ba ya zubewa. Ta ce ta sani, in dai duba.

Inna ta baro Katsina da asuba, ta iso bayan la'asar, ƙafafu a kumbure, ankon da ba ta sa ba yana cikin jaka. Ko ruwa ba ta sha ba ta ce a kawo. Iya ta miƙa mata da hannu biyu. Inna ta dubi ƙawarta, ta ga yadda ta faɗa a 'yan sa'o'in nan, sai tausayi ya kama ta, idonta ya ciko, fuskarta ta yi laushi irin wanda ban cika gani ba. Ta kalli wayar. Wayar ta girgiza ta ƙi. Ta goge ido ta sake kallo. Ta ƙi. Na tuna gargaɗin mai shago.

Ban san lokacin da bakina ya buɗe ba. Na ce, "Inna, af, na manta ban gaya miki ba. Tukunyar ƙasarki ta miya, wadda kika gada, na fasa ta."

Ta juyo da wayar a hannu, gira ta haɗe, baki ya tamke. "Kika yi me?"

Kwaɗon ya buɗe.

Na karɓe da sauri na danna saƙon kafin ta huce. Da Barbarci mutumin ya yi magana, ban ji ko kalma ɗaya ba, fuskar Iya kawai nake kallo. Ta zame ta zauna a ƙasa dirshan. Da ya ƙare ta ce a sake. Aka sake, aka kuma sakewa. Sannan ta ce da mu, cikin wata murya ƙarama, "Shi ne. Yana raye. Wani direba ya ba shi lambar. Ya yi aure, har da 'ya, ya sa mata sunana." Na yi kuka, Inna ta yi, kuma sai da aka kira shi aka gama magana, aka yi sallar magariba, sannan ta tuna ta tambaye ni tukunya. Na ɗauko mata ita lafiya lau. Ta ce Allah ya shirye ni, ni da ƙarya ba a jin kanmu.

Bayan kwana kaɗan muka koma shagon mu uku. Na riga na tura saƙon zuwa tawa wayar, na adana lambar ƙanen. Mai shagon ya wanke wayar, ya sa sabbin lambobin sirri waɗanda na tilasta shi ya faɗa da ƙarfi har maƙwabtan shagonsa suka ji. Sai ya ɗaga ta ya ce Hajiya ta tsaya cik. Inna ta tambaye shi ko za a iya sa fuska biyu. Ya ce wannan ƙirar ɗaya take ɗauka. Na ce to a bar ta a buɗe mana, kowa ya huta. Inna ta ce a'a, yanzu akwai maganar 'yan'uwa a ciki, ba ta kowa da kowa ba ce. Ta kamo hannun Iya ta turo ta gaba. Iya ta shiga ja da baya tana cewa haba Hajiya, wayarki ce. Inna ta ce, "Kin yi shekaru kina jira. Ba za ki ƙara jiran fuskata ba. Tsaya cik, kuma ki yi murmushi, kada ki yi irin tawa."

Da yayana ya ji labari ya ce mun mayar da abu baya. Ya ce nan gaba ma ba za a riƙe waya a hannu ba, tabarau za a sa, ko wani ɗan abu a kunne, ya san muryarka, ya san idonka, ya san abin da kake so tun kafin ka faɗa. Na ce madalla, in sun tashi ƙera shi su tambaya ko ana ara wa na gidan gaba.

Lambobin sirrin ba su zauna a kan Inna ba, ta ce ba ta da wurin ajiye su. Don haka har yau, duk lokacin da jikokinta suka turo mata saƙo daga Abuja, sai ta ɗauki wayarta ta taka zuwa jikin katanga ta ɗaga murya, "Mutuniyar Borno! In kin gama, zo ki ara mini fuskarki."