Goyon da Na Yi wa Habu

Wata Talata ce cikin damina, shekarar da nake aji shida, Inna ta aike mu tsinko ganyen kuka a bayan gonar Baba, can gefen Kuki. Ni ina ƙasa riƙe da kwando, ƙanena Habu yana sama yana yi mini tsiya wai mata ba su iya hawa ba. Shekararsa bakwai, ga rawar kai kamar ɗan akuya. Santsin ruwan safe ne ya kwashe masa ƙafa, ya faɗo. Na same shi kwance rigingine, gadon bayansa a kan saiwa, ido buɗe, ko kuka ya kasa.

Na durƙusa na ce ya tashi, bai iya ba. Na ce ya lanƙwasa gwiwa, ya ɗan ja ta dama, yatsunsa suna motsi. Na yi ta kira har muryata ta dushe, babu kowa a gonakin kusa. To ni abin da na iya a duniya goyo ne, tun yana wata uku nake goya shi. Sai na tada shi zaune, na tsuguna, na jawo shi bayana, na ɗaure da zani tamau, na zura da gudu cikin kunyoyin gero. Ya yi ƙara sau ɗaya a kunnena, daga nan ƙafafunsa suka saki suna dukan cinyoyina. Don wauta na ɗauka sauƙi ya samu.

Kafin la'asar Baba ya ɗauko wani tsohon maɗori daga Kurfi. Tsohon ya tsikari tafin ƙafar Habu da tsinke, yaro bai ko ƙifta ido ba. Ya dube ni ya ce, "Ɗiyata, yaya kika iske shi? Yana motsa ƙafa?" Na faɗa masa komai. Sai ya ce, "Wanda ya faɗi ta baya, yadda ƙasa ta amshe shi haka ake barin shi, sai an samo ƙyaure a ɗauke shi a miƙe." Na rungume ƙafar tsohon ina roƙon ya gyara, ko da tawa za a karya a madadi. Inna ce ta ɓamɓare hannuwana. An je asibiti, an dawo babu sauyi. Shekara biyu kullum safiya ina miƙe masa ƙafafun ina naɗewa, ina gasawa da ruwan zafi, ina roƙon Allah ko yatsa ɗaya.

Yau 'yata tana koyon aikin jinya, tana biya mini yadda ake kwantar da wanda ya ji rauni, abin da babu wanda ya gaya mana a zamaninmu. Habu kuwa yana gyaran waya a kasuwar Dutsin-Ma, zaune a kekensa na guragu, da 'ya'yansa uku, bai taɓa ɗora mini laifi ba. Bara da aka yi ruwan farko ya tambaye ni yana dariya yadda mutum yake ji idan ya taka jiƙaƙƙiyar ƙasa, wai shi ya manta. Gaggawar ƙauna ce ta cuce mu.