Kwaɗon da Genzo Ya Wanke

Uozumi Genzo ya yi aski a Kyoto har gashin kansa ya ƙare, amma bai taɓa iya zancen mutanen garin ba. Shi mutumin Akita ne, can arewa, inda in miyarka ta yi gishiri za a ce maka ta yi gishiri. Farkon zuwansa wata maƙwabciya ta tare shi a ƙofar shago ta ce kai, rediyon nan nasa akwai murya. Bawan Allah ya rusuna ya yi godiya, ya koma ciki ya ƙara murɗa shi. Sai da matarsa Tomeko, haifaffiyar garin, ta zaunar da shi.

"Maigida, cewa fa ta yi ka dame su."

Tun daga ranar ya ɗauki darasi, ya kuma ɗauke shi fiye da kima. A yabi tawul ɗinsa, ya canza tawul. A ce shagonsa akwai haske, ya rage fitila. Wanda maciji ya sara, in ya ga tsumma sai ya gudu.

Bayan ya ajiye almakashi ne kawun Tomeko ya rasu, aka ba su wani netsuke daga kayansa, irin ɗan sassaƙen nan da mutane a zamanin da can suke ɗaure wa igiyar jakar taba su soke a ɗamara. Kwaɗo ne na katako, bai fi goro girma ba, ya yi zaune a kan tsohon takalmin ciyawa yana harara. Ya yi duhu yana sheƙi, cikinsa sumul. Genzo ya kamu da sonsa, har ya shiga ƙungiyar masu tara irinsa, waɗanda ke haɗuwa a saman wani shagon shayi.

Ƙungiyar takan yi baje koli duk kaka, kowane netsuke da ɗan katin sunan mai shi a gefe. Katin nan shi ne abin da Genzo ke so a duniya. Ya gaji da zama "mai askin nan ɗan arewa". Yana so ko sau ɗaya mutanen Kyoto su sunkuya su karanta sunansa.

Amma ina! Wata ya bi wata yana zaune a bakin ƙofa, gwiwoyinsa na ciwo, likitoci da malaman jami'a suna miƙa wa juna nasu na hauren giwa suna gyaɗa kai. Ba wanda ya wulaƙanta shi, abin haushin ke nan. Da zagi ne da ya san ramawa. Sai murmushi, sai a ƙara masa shayi. Yakan dawo gida yana huci, Tomeko ta ce da shi da kwaɗon nasa ba ta san wa ya fi kumbura ba.

Ran nan shugabarsu, Uwargida Nishikiori, tsohuwar dillaliyar kayan tarihi wadda maganarta ke yanke hukunci, ta miƙo hannu. Ta jujjuya kwaɗon a tafinta ido rufe, ta shafa ramukan da ake zura igiyar da babban yatsa, har ta kai shi hanci.

"Wannan ya sha hannu," ta ce. "Dubi duhunsa. Har ƙamshin mutanen da yana nan. A kawo mana shi ranar zaɓen kayan baje koli."

Genzo ya sauko daga saman shagon yana nanata maganar. Ya sha hannu! Duhu! Ƙamshi! Ai ko yaro ya san fassarar: kayanka ya yi dauɗa, yana wari, je ka wanko. A gaban jama'a, kuma ga shi, mutumin da ko gashi ɗaya ba ya kwana a daɓen shagonsa. Tomeko ta tafi Otsu wajen 'yarsu da ta haihu, shi kuwa ya rantse ba zai buga mata waya ta sake fassara masa garin da ya tsufa a cikinsa ba.

Ya fito da tsofaffin kayan aikinsa. Tawul mai zafi tukuna, kamar yadda ake laushin gemu, sannan sabulu da buroshi. Duhun ya ƙi, ya sa ruwan goge reza. Ramukan igiyar kuwa tsinken sakace kunne ya zura musu, ya ƙwaƙule tas. Haba, abin takaici! Duhun nan shi ne maiƙon hannun duk wanda ya taɓa riƙe kwaɗon tun zamanin da ake yawo da takobi, shi ake nema, shi ake shinshina. Genzo ya sha jin ana yabon irin wannan duhun a taro, amma ya ɗauka shi ma zancen garin ne, a juye. Kwaɗo ya fito fari fat kamar ferarren dankali, mai shi ya ji sanyi a ransa.

Ranar zaɓe ya sa kwat ɗinsa na biki. Da layi ya zo kansa ya kwance ƙyallen da ya naɗo shi a ciki, ya tura kwaɗon gaban Uwargida Nishikiori da hannu biyu. Ta ɗauka, ta duba sama da ƙasa, ta yi dariya a hankali.

"Malam Uozumi, ashe kai ma ka iya tsokana. Wanda ya sassaƙa wannan ya kalli naka da kyau, har hararar. Amma ka san ba ma nuna sababbi." Ta ajiye shi gefe, ta ɗago wani ɗan kati da aka rubuta da tawada. "Ga sunanka, ni na rubuta da hannuna. Rabona da ganin kwaɗo irin naka tun ina budurwa. Ina tsohon?"

Kowa ya juyo yana kallonsa, karo na farko tun shigarsa ƙungiyar. Genzo ya dubi katin, sunansa ne, ba kuskure ko ɗaya. Ya kai goshi ƙasa ya ce a gafarce shi, ya manto shi a gida.

"Ba komai," in ji ta. "Kawo shi gobe, mun bar masa wuri a tsakiya."