Ranar da Na Ajiye Ƙwayoyin Asibiti

Salamu alaikum jama'a. Wata biyar ban rubuta komai a nan ba, har wani ya aiko yana tambaya ko siyasa na shiga.

Ina nan. Zuciya ce ta kwantar da ni.

Waɗanda suka san ni sun san ni da wake da gero a kasuwar Shuwarin, mai ci ran Litinin. Shekara uku ke nan da aka ce ina da hawan jini, aka ba ni ƙwayoyi biyu ƙanana, kullum safe. Hajiya maiɗakina ce take kawo min su da ruwa kafin koko. Ina sha, ba na jin wani canji.

Bayan girbin bara wani abokin ciniki ya zo rumfata da wata roba mai kyan gani. Ya ce amino asid ne, arjinin ake kiransa, yana buɗe jijiyoyin jini. Na ɗan taɓa boko, don haka na karanta jikin robar, na duba a waya, na ga lallai ana maganarsa. Na ba da kusan kuɗin rabin buhun gero.

Sati biyu ina sha ina jin jikina sakayau. Sai na yi tunani irin namu na 'yan kasuwa: kaya biyu masu aiki ɗaya ba a tara su a rumfa, wanda ba ya motsi shi ake saukewa. Na sauke na asibiti. Hajiya ta miƙo, in kai hannu baki, in kurɓi ruwa, ƙwaya ta tafi aljihu.

Haki ne ya fara. Daga rumfa zuwa masallaci sai na tsaya sau biyu, ina yi kamar gaisawa nake.

Wata Litinin da hantsi, ina tsakiyar ciniki, na ji kamar an ɗora min buhu a ƙirji. Hannun hagu ya yi nauyi, gumi ya jiƙa riga. Malam Idi maƙwabcin rumfata ya ce mu tafi asibiti, na ce bari mu ƙarasa. Bai saurare ni ba, ya tura ni mota sai Dutse.

Wayoyi a ƙirji, iska a hanci, ɗiban jini safe da yamma. Na ji tsoro, ba zan ɓoye ba.

Likitar 'yar Filato ce, Hausarta ta fi tawa sauri. Ta ce a kawo duk abin da nake sha. Hajiya ta je gida ɗauko kaya, ta dawo da robar, da kuma ƙwayoyin da ta tsinta fal a ƙasan akwatina.

Hajiya ta dube ni ta ce, "Alhaji, ashe ruwa kawai kake sha a gabana?"



Likita ta juya robar ta ce, "Baba, wannan ƙarin abinci ne, ba ya maye gurbin magani. Akwai shi a gyaɗa, akwai shi a waken da kake sayarwa." Ta ƙara da cewa wanda zuciyarsa ta riga ta samu irin wannan bugu, kada ya sha sai likita ya amince.

Kwanana goma sha ɗaya a gado. Aka tura ni Kano hoton zuciya, aka ce wani sashe ya raunana. Gwaji da magani sun cinye ragunan da nake kiwo.

Amma zaman gida ya fi komai wuya. Ba ɗaga kaya, ba gishiri, ba tsire. Ran kasuwa sai in zauna a zaure ina jin wucewar motoci. Ina kewar ƙaiƙayin gero a wuya. Ina kewar mai saye da zai yi fushi ya tafi, ni kuwa na san zai dawo. Har tsiyar Malam Idi nake kewa. Nakan kira shi in tambayi farashin wake alhali ba ni da ko tiya a rumfa, shi kuma ya ce in kwantar da hankali, tun da na tafi mudu ya fara cika.

Tambaya ɗaya nake yi wa likita duk zuwa: zan koma?

Satin da ya wuce ta ce in koma, a zaune, zuwa azahar kawai. Na nemi ta ƙara min zuwa la'asar. Ta ce nan ba a tayi.

Alhamdulillahi. Na gode wa Hajiya, da Malam Idi, da ma'aikatan jinya da suka jure surutuna, da duk wanda ya yi addu'a. Allah Ya saka da alheri.

Mai hawan jini, maganin da kake sha ba ka jin komai, aikinsa yake yi. Duk robar da aka tallata maka, kai ta gaban likita kafin ka buɗe. In ƙirji ya danne ka, kada ka ce sai an tashi kasuwa. Wata biyar ina kwance, ba Litinin ɗaya da ta fasa ci.